Ranar da Na Zaunar da Janar a Tsakiyar Kogi

Ran nan muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Buba, inda mu tsofaffin unguwa muke taruwa bayan la'asar mu gyara duniya da baki, sai labari ya faɗo daga cikin wayar wani cewa Janar ya rasu. Ba sai na kama suna ba. Wanda ya kai shekaruna ya san wanda nake nufi, wanda bai kai ba kuwa ko na faɗa masa sai ya koma ya tambayi wayarsa. Kafin a gama shafa fatiha majalisa ta rabu biyu. Alhaji Buba ya ce tun da aka kafa soja ba a yi namiji irinsa ba. Malam Jauro, wanda ya sayar da shanunsa ya dawo gari ya zama masanin komai, ya ce baki ne kawai, ya ƙarar da 'ya'yan mutane da taurin kai. Ni dai ina saurare, domin a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin mutumin sai a hoto, ni kuwa na taɓa dukansa. Da yake duk ranar da na ɗauko labarin ba sa bari in kai ƙarshe, sai wani ya ce an kusa kiran magariba, na ce bari in sa shi a takarda. Karatuna aji uku ne da rabi, rabin kuwa ranakun da ruwa bai tare hanyar makaranta ba ne. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya kai ƙara wurin kogi.

Ƙauyenmu yana ƙetaren ruwa ne, can wajen Auyo, kuma a zamanin da nake faɗa babu mai shigarsa da damina sai ta jirgin gidanmu. Baba shi ne sarkin fito. Yaran yanzu da suke wucewa ta kan gada a kan babur, suna leƙa ƙasa su ga ciyawar kacala ta shaƙe ko'ina, ba za su yarda cewa wannan wurin ya taɓa zama ruwa mai faɗin da in ka tsaya a gaɓar nan, mutumin da ke waccan gaɓar bai fi ɗan yatsa ba. Kafin a datse ruwan can sama, in ya taso daga yamma yakan shafe fadama gaba ɗaya, sai kawunan goruba kawai kake gani. Da safe tsuntsuwar kirinjijiya ce ke tashin mu da kukanta, sannan ƙarar taɓarya daga gidaje, sannan muryar mai neman ƙetarewa daga can nesa yana kiran, “Mai jirgi.” Mata na banda tarwaɗa, hayaƙin yana bin tufafin kowa, har in mun je kasuwar Haɗejiya ba sai an tambayi garinmu ba, hanci ke ba da amsa. Yau kifin da ake kawo mini daga kasuwar, da a lokacin ne, da kunya za ta sa masunci ya mayar da shi ruwa ya ƙara girma.

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma dokarsa a cikin jirgi ɗaya ce tak: ba a tsayuwa. Yakan ce mana kwale-kwale bai san dagaci ba, bai san liman ba, nauyi kawai ya sani da inda nauyin ya karkata. In mutum ya miƙe, za ka ce “A zauna” sau ɗaya. Ba za ka ce “ka zauna” ba, don kada ka kunyata babba a gaban jama'a. In bai ji ba, babu ta biyu. Sai ka miƙa filafilin tuƙi ka buga masa faɗinsa a bayan gwiwa. Ya koya mana wurin da kyau, ni da yayana Habu, a kan ƙafafunmu ya koya mana. In ka ture mutum a ƙirji zai faɗi gefe ya kifar da kowa, in ka ja rigarsa zai yi kokawa da kai, amma in ka taɓa bayan gwiwa sai ya naɗe ya zauna daidai inda yake tsaye, kamar an ajiye buhu. Na ga Baba ya yi wa ango a ranar ɗaurin aurensa. Na ga ya yi wa wani mai wa'azi. Ba wanda ya taɓa kai ƙara, domin duk wanda aka zaunar, da ya taka ƙasa yakan gane abin da aka raba shi da shi.

Janar kuwa ta rediyo ya fara shigo mana. Rediyo ɗaya ce a ƙauyen, ta malamin makaranta, in an kunna ta har awaki sukan matso. Lokacin ana yaƙi a kudu. Ban ma sani ba ko a lokacin ya kai janar, mu dai haka muke kiransa. Hausarsa ta bariki ce, yakan mayar da mace namiji a magana ba ruwansa, amma in ya fara ba ka da sararin gyara masa. Yakan soma a hankali kamar mai ba ka shawara a zaure, ya ambaci uwa, ya ambaci gona, ya yi shiru har ka zaci batir ne ya mutu, sannan ya ɗaga murya ka ji gashin jikinka ya tashi. Na taɓa ganin wani tsoho kurma-kurma ya miƙe tsaye don jin jawabin da rabinsa bai shiga kunnensa ba. Wata rana da hantsi ya yi jawabi yana neman samari, ya ce ƙasa tana kira. Yaya Habu yana gyaran komar kamun kifi a lokacin. Ya ajiye ta da allurar a jiki, bai ƙarasa ɗinkin ba. Kwana huɗu bayan haka ni na ƙetarar da shi, ya bar matarsa Asabe da wata biyar da tarewa.

Yaƙi ya ƙare. Waɗanda za su dawo suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da agogo da Turancin zagi. Waɗanda ba za su dawo ba aka aiko da takarda, aka yi zaman makoki, aka daka gumba, aka tashi. Mu ba mutum, ba takarda. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Liman ya ce Asabe ba ta da halin takaba kuma ba ta da halin aure, sai an cika shekarun da shari'a ta ɗiba wa wanda ya ɓace. Ta zauna a gidanmu, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Abin da ya fi cin rai shi ne Inna. Habu ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Saboda haka ba ta da ikon ta yi kuka, ba ta da ikon ta tambaya. Abin da take yi kawai, in na dawo daga fito da yamma sai ta ce, “Auta, yau wa da wa ka ɗauko?” In lissafa mata. Ta ce, “To.” Ta ci gaba da tankaɗe. Tana ramewa muna kallo, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagaya shi sau biyu.

A wannan daminar ruwa ya wuce iyakarsa, ya ci gidaje da rumbuna. Sai ga saƙo daga hakimi cewa Janar da kansa zai zo rangadi ya ga ɓarna, kuma zai ƙetaro ƙauyenmu. Baba ciwon ƙafa ya riga ya kama shi, ni ke riƙe da jirgi, ina ɗan shekara ashirin da wani abu, da gemu ƙwaya bakwai da nake taƙama da su. Ana gobe zai zo, Inna ta same ni ina toshe ɓarakar jirgi da tsumma. Ba ta taɓa zuwa bakin ruwa ta same ni ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, tana kallon wani wuri dabam, “An ce mutumin nan shi ne ubangidansu. In ka ga fuska, ka tambaye shi yayanka.” Na ce to. Na wuni ina haɗa Turanci, domin a ganina babban soja ba zai saurari tambaya da Hausa ba. Na haɗa jimla ɗaya mai kyau, na maimaita wa kwaɗi har suka haddace.

Ya iso da hantsi, motoci suka tsaya inda hanya ta nutse. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gajere ne. Muryar nan da ta cika rediyo, ashe daga wani ɗan dunƙulallen mutum take fitowa, mai wuya kamar turmi. Abu na biyu, kafin ya gaisa da kowa sai da ya wanke direbansa da mari saboda ya tsayar da mota inda takalminsa ya taɓa laka. A fadamar Haɗejiya, da damina, mutum yana fushi da laka. Na ce a raina yau akwai aiki. Aka shiga jirgi: shi, da dogarinsa wani laftanar mai ƙaramar bindiga a ƙugu, da sojoji biyu, da wakilin hakimi da babbar rigarsa. Ni ina baya da filafili, Janar yana gabana daf, har ina jin ƙamshin man da ya shafa. Jirgin ya nutse saura kamar faɗin tafin hannu ruwa ya shigo. Na buɗe baki in saki Turancina sau biyu, sau biyu yana maƙalewa.

Akwai wani wuri a tsakiya inda ruwan fadama ke haɗuwa da uwar kogi, ruwan yana juyi yana jan hancin jirgi. Nan ne ko Baba yakan daina amsa gaisuwa. Muna shiga wurin mutanen ƙauyenmu da suka cika gaɓa suka hango hular Janar, suka ɗauki sowa, mata na guɗa. Shi kuwa mutumin, Allah ya jiƙansa, in ya ga taro jikinsa ba ya iya haƙuri. Sai kawai ya miƙe tsaye, ya ɗaga sandarsa, ya buɗe baki zai fara jawabi daga tsakiyar ruwa. Jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo ta hagu, wakilin hakimi ya fara salati.

Na ce, “A zauna.”

Bai ko waiwayo ba. Ina so in gaya muku cewa na tsaya na auna, na tuna da saƙon Inna, na tuna da bindigar laftanar. Ƙarya ne. Hannuna ne ya yi aikinsa tun kafin kaina ya samu labari. Faɗin filafili ya sauka a bayan gwiwar Janar, ya naɗe ya zauna daɓas a cikin ruwan da ke ƙasan jirgi. Hularsa ta faɗa kogi, muna kallo ta yi juyi biyu ta nufi Gashuwa. Sowar gaɓa ta ɗauke kamar an rufe tukunya. Laftanar ya zaro bindiga ya yunƙura zai tashi, na ji bakina ya sake cewa, “A zauna,” shi kuwa ya zauna. Na miƙa wa wakilin hakimi ƙoƙo na ce ya kwarfe ruwa, ya karɓa yana kwarfewa yana kallona kamar mai yi wa gawa ban kwana. A haka muka kai gaɓa. A nan ne hankalina ya dawo, na gane na kashe kaina, kuma na kashe tambayar Inna tare da ni.

Da muka sauka Janar ya nuna ni da sanda ya ce, “A riƙe mini wannan.” Sojoji biyu suka sa ni a tsakiya. Shi kuwa ya hau kan wani turmi da aka kifa masa a ƙofar gidan dagaci, ba hula, wandonsa sharkaf yana ɗiga, ya yi jawabin da ban taɓa jin irinsa ba har yau. Ya ce ya ga rumbunan da suka faɗi, ya san abin da ake nufi da mutum ya kalli abincin shekara yana tafiya a kan ruwa. Ya ce mutanen da suke shuka a bakin abin da zai iya cinye su kowace shekara, su ne sojojin gaske, shi almajirinsu ne a jarumta. Tsofaffi suna share hawaye. Ya yi alkawarin gada kafin damina biyu. Ina tsakanin bindigogi biyu, ina jiran mutuwa, sai na tsinci kaina ina gyaɗa kai, har na ji da za a ce wa zai shiga soja da na ɗaga hannu. Wannan shi ne haɗarin mutumin. Gadar kuwa ta zo, ba a ce ba ta zo ba, amma sai da na aurar da 'yata ta biyu, kuma ba shi ya gina ta ba.

Da aka watse ya sa aka kai ni zauren dagaci. Yana zaune a kan kujera an rufa masa tawul a cinya.

“Kai, ka san ko ni wane ne?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Ka sani ka buge ni?”

“Jirgin ne bai sani ba, ranka ya daɗe.”

Dagaci ya rufe ido. Janar ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Wa ya koya maka bugun mutum a nan wurin?”

“Babana.”

“Na taɓa ganin an yi. A bakin wani kogi, lokacin yaƙi. Wani ƙaramin soja ya yi wa manjo guda haka a gabana, na yi dariya har na ƙware. Tun daga ranar yara suka sa masa suna A-Zauna. Dogo, baƙi, yana da wushirya.”

Turancin da na wuni ina haɗawa ban san inda ya shiga ba. Na ce, “Yayana ne. Shekara uku ke nan ba mu san ko yana raye ba. Innarmu ta ce in tambaye ka.”

Fuskarsa ta canza. Ya sunkuyar da kai yana juya sandar a hannu. Can ya miƙe ya ce, “Kai ni gidanku.” Har na juya da murna, sai ya ƙara, “Da tsallen kwaɗo. Hular gwamnati ce ka jefa a ruwa.” Haka na kama kunnuwana na yi gaba ina tsalle a cikin laka, babban jarumin ƙasa yana biye da ni, duk 'yan matan ƙauye suna leƙe ta kan danga, har da wadda daga baya ta zama uwar 'ya'yana. Ta rasu ba ta daina ba da labarin ba.

Baba yana zaure a kan buzu muka shiga, dagaci da laftanar suna biye. Aka kira Inna, ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofar ciki, Asabe tana bayanta. Janar ya tambayi sunan yaron na gaskiya. Baba ya dubi ƙasa, Inna ta dubi bango, ni na faɗa. Sai ya gyara tsayuwa, ya sa hannu ɗaya a baya, na ga alamar jawabi na biyu zai sauka. Ya fara: ɗanku jarumi ne, ƙasa ba za ta manta da shi ba, irinsu ne ginshiƙin da...

“Ranka ya daɗe,” in ji Inna.

Ban taɓa jin ta katse namiji ba, ko mai tallan gishiri.

“Ni ban san waɗannan ba. Ɗana nake tambaya. Ya mutu ko yana nan? In ya mutu, wa ya yi masa wanka?”

Ta ce “ɗana” a gaban mijinta, a gaban dagaci, a gaban baƙi. Asabe ta toshe baki. Janar ya tsaya da bakinsa a buɗe. Mutumin da bai taɓa rasa kalma ba, na ga yana lalube. Sannan ya sauka ya zauna a kan tabarma, ba wanda ya taɓa masa gwiwa, ya ce, “Inna, ban sani ba.”

Ya faɗi abin da ya sani, ba ado. Sun iso bakin wani kogi, yana so a ƙetare a ranar. Yaya Habu ya dubi ruwan ya gaya wa na gaba da shi cewa sabon ruwa ne ke tahowa, ja ne, yana ɗauke da kumfa da karmami, a jira kwana biyu. Maganar ta hau har ta kai kunnen Janar, ya ce yaƙi ba ya jiran ruwa. Aka shiga. Habu ya kai mutane a jirgi ya dawo, ya kai ya dawo, har sau biyar. Na shida bai isa ba. Janar ya ce, “Ruwan ya zo da ƙarfin da ba a zata ba.”

Sai Baba ya ce a hankali, “An zata. Yaron ya faɗa.”

Na ga jijiyar wuyan Janar ta tashi, na ga laftanar ya gyara tsayuwa. Amma Janar bai musa ba. Bai ce laifinsa ne ba, wannan kam ban ji ba, kuma ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba don ya mutu. Ya dai haɗiye, kuma ina jin a rayuwarsa ba a taɓa ba shi abu mai ɗaci haka ya haɗiye ba. Da zai tashi ya ce wa Inna, “Akwai waɗanda suka bi gaɓa suna tsamo mutane. Zan nemo wanda ya sani.” Na mayar da su ƙetare, ya zauna tun daga gaɓa har gaɓa kamar ɗalibin kirki. Da na dawo Baba ya tambaye ni abu ɗaya: “Da ka buga, gefe ya yi ko ƙasa?” Na ce ƙasa. Ya ce, “To, ka iya.”

Ga hukuncina, tunda Alhaji Buba da Malam Jauro ba su nema ba. Mutumin yana da zuciyar da ba ta san tsoro ba, kuma wannan ba kullum alheri ba ne ga waɗanda ke bayansa. Yana son muryarsa fiye da yadda yake son shawara. Bakinsa ya raba samari da komarsu, taurin kansa ya hana wasunsu dawowa, yayana yana ciki. In ya yi alkawari a gaban taro, iska ce, domin taron yake yi wa, ba mutanen ba. Shugabannin da nake gani yanzu a waya sun gaji wannan ɓangaren nasa cif, har sun ƙara da lasifika. Abin da ban ga sun gada ba shi ne ɗayan: ya zauna a tabarmar talaka, tsohuwa ta katse shi, tsoho ya ƙaryata shi a gaban yaransa, ya ce “ban sani ba.” Alkawarin da ya yi a zauren nan kuwa, ba taro, ba guɗa, mu kanmu mun sa shi a layi ɗaya da gada.

Ruwa ya janye, aka yanke shinkafa, ana cikin sussuka. Wata rana da azahar na ji kira daga ƙetare, na je na tarar da wani Babarbare mai zane a fuska, hannun rigarsa na dama a naɗe, babu abin da ke ciki. Ya ce shi ne Saje Modu, ya bar soja yana sayar da barkono a garinsu, sai ga mota har ƙofar gida, wai Janar ya sa a bi barikoki da asibitoci a nemo duk wanda ya yi aikin tsamo gawa a kogin nan. Shi ne na tara da aka tambaya. Aka ce masa ya zo nan ya faɗi abin da ya gani, kuma kada ya ƙara kada ya rage.

Ya zauna inda Janar ya zauna. Ya ce bayan kwana biyu suka sami Yaya Habu a kan wani yashi, shi da mutum uku. Kowa ya san A-Zauna, ba a yi musu ba.

Inna ta ce, “Akwai tabo a jikinsa.”

“Akwai, Inna. A tafin hannu. Kamar ƙayar kifi ce ta taɓa huda shi.”

“Wane hannun?”

Saje ya rufe ido, ya ɗaga hannunsa ɗaya da ya rage yana juya shi kamar yana wanke wani abu. “Na hagu.”

Inna ta gyaɗa kai. “Kai ka yi masa wanka?”

“Ni na yi. Lokacin ina da hannu biyu.”

“Likkafani fa?”

“Babu. Bargona na sa masa, sabo ne. Mu biyar muka yi masa salla, wani Bazazzagi ya ja mu. Muka haƙa a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa.”

“Kun duba gabas?”

“Mun jira rana ta fito sosai kafin mu kwantar da shi, don kada mu yi kuskure.”

Inna ta juya ta ce wa Asabe, “Tashi ki shiga ɗaki, 'yata, yau kin san matsayinki.” Ta ce mini in je in gaya wa liman da dagaci an yi mana rasuwa, mutane su zo gaisuwa. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukan da ta riƙe shekara uku, da ƙarfi, har maƙwabta suka shigo, kuma ba wanda ya ce mata ɗan fari ne. Bayan kwana arba'in ta fara cin abinci kamar mutane. Ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, ta ga 'ya'yan Asabe da mijinta na biyu, ta goya nawa.

Ranar da zan mayar da Saje ƙetare, ta biyo mu har bakin ruwa da ƙullin bandar kifi ta ba shi. Sannan ta ce mini, “Auta, kai da kake da karatu, in ka sake ganin gajeren nan ka ce masa na gode. Ka ce ban ce ya yi daidai ba. Na gode dai.”

Ban sake ganinsa ba. Sau biyu na sayi takarda da ambulan, na rasa adireshin da ake rubuta wa Janar, na kuma ji tsoron kada wasiƙar ta tuna masa da hula. Shekaru suka yi ta tafiya ina cewa sai na samu wanda zai kai. Yanzu Inna tana ƙasa, shi ma ya bi ta, saƙon yana hannuna. To ga shi na sauke, ranka ya daɗe. Innarmu ta ce ba ta ce ka yi daidai ba. Ta ce ta gode.